Algaitar Salka a Bakin Nilu

Mu a nan, duk farar fatar da ya zo da bindiga a zamanin cin ƙasa Bature ne, ko Nasara, in an matsa ƙwarai a ce Ingilishi. 'Yan uwanmu na Sudan ma haka suke yi, in suna ba da labarin yaƙin Karari sai su ce ranar da Ingilizi suka shiga Umdurman. Amma wanda ya duba rundunar da Janar Kitchener ya jawo daga Masar a 1898 zai ga abin da wannan suna guda ya lulluɓe. Cikin mutum wajen 25,000, kusan 17,000 Misirawa ne da baƙaƙen Sudan. Cikin Turawan da suka rage kuma akwai bataliyoyi biyu, Cameron da Seaforth, na mutanen tsaunukan Sikotlan, masu ɗaura guntun buje mai gidan dara suna tafe ana busa musu algaitar salka. Hafsan da ya riƙe fage a sa'ar da yaƙin ya so ya juye kuwa, Hector MacDonald, ɗan ƙaramin manomi ne daga waɗancan tsaunuka, ya tashi a gidan da ake magana da harshen Galik.

Abin da ya sa na ga ya dace mu san waɗannan mutane shi ne, su ma cinye su aka yi da yaƙi kafin a ba su bindiga su je su ci wasu.

Sikotlan ƙasa ce mai sarautarta a arewacin tsibirin Birtaniya. A 1603 sarkinta James ya gaji gadon Ingila, ƙasashen biyu suka zama ƙarƙashin sarki ɗaya amma kowace da majalisarta. A 1707 aka haɗe majalisun a Landan, bayan masu kuɗin Sikotlan sun yi mummunar asara a yunƙurinsu na kafa tasu mallaka a Darien, can ƙasar Panama. Sun shiga haɗakar da sharaɗin za su riƙe shari'arsu da cocinsu da tsarin makarantunsu, kuma ƙofar kasuwannin daular Ingila ta buɗe musu. Sai dai ita kanta Sikotlan ɗin gida biyu ce. Akwai mutanen kudu, na fili da birane irin su Edinbara da Gilasgo, 'yan kasuwa da masu karatu, harshensu ɗan uwan Ingilishi ne. Akwai kuma mutanen tsaunukan arewa da tsibirai, masu jin Galik, masu kiwon shanu, kowane dangi da shugabansa wanda in ya yi kira sai kowa ya ɗauko takobi. Na kudu suna yi wa na arewa kallon 'yan daji kuma ɓarayin shanu. Wanda ya san yadda ɗan birni yake kallon ɗan ƙauye a ko'ina ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 1745 wasu dangogin tsaunuka suka bi Yarima Charles Stuart a yunƙurin maido da gidansu kan sarauta. Ranar 16 ga Afrilu 1746 aka gamu a filin Culloden kusa da Inverness. Maza masu takobi da garkuwa suka ruga cikin wutar igwa da bindiga, cikin ƙasa da awa guda aka gama da su, aka bi masu rauni ana ƙarasa su. Mai karatu ya riƙe wannan hoto, zai sake ganin sa a bakin Nilu. Kuma kada a ɗauka Ingilishi zalla ne suka yi wannan aiki, akwai 'yan Sikotlan da yawa a rundunar gwamnati ranar.

Bayan nan aka ƙwace makamai, aka karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi, aka hana sa tufafin gargajiya. Ana yawan cewa har algaitar aka haramta, amma dokar ba ta ambaci algaita ba. Abin da ta ambata, wanda ya fi muhimmanci, shi ne mutum ɗaya da hanin bai shafa ba: sojan sarki. In kana son ka ɗaura bujen kakanka ba tare da an kama ka ba, to ka shiga soja. Wani hafsa da ya yi yaƙin Culloden, James Wolfe, ya rubuta wa abokinsa a 1751 cewa mutanen nan za su yi amfani a yaƙin Amurka, don suna da juriya da ƙarfin zuciya, sun saba da ƙasa mai wuya, kuma in sun faɗi ba wata babbar asara ba ce. Ban san wata magana da ta bayyana lissafin daula a fili kamar wannan ba. Dangin Cameron suna cikin waɗanda suka fi zubar da jini a bayan Yarima Charles. Shekara 47 bayan Culloden, a 1793, aka kafa rundunar Cameron don yi wa sarkin Landan yaƙi.

Abin da ya cika rundunonin da mutane shi ne yunwa da kora. Shugabannin dangi sun rikiɗe sun zama masu gidan haya, suka gano tumaki sun fi talakawa kawo riba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 aka riƙa tashin ƙauyuka ɗungurungum. A yankin Sutherland, tsakanin 1811 da 1820, an kori dubban mutane daga kwaruruwan da kakanninsu suka noma, wani wurin har da cinna wa rufin ɗaki wuta don kada su dawo. Wasu aka tura bakin teku, wasu suka hau jirgi zuwa Kanada da Ostireliya, samari suka nufi bariki. An ruwaito cewa da masu ɗaukar soja suka je Sutherland lokacin yaƙin Kirimiya a 1854, mutanen suka ce musu tunda an fifita tumaki a kansu, to a tura tumakin su yi yaƙin. A wannan tsakanin kuma tufafin da aka hana suka zama abin ado. An soke dokar a 1782, a 1822 Sarki George na Huɗu da kansa ya sa buje a Edinbara, daga baya mijin Sarauniya Victoria ya sayi gida a Balmoral. Bujen da algaitar da duniya ta sani yau a matsayin alamar Sikotlan, bariki ne ya raya su, alhali mutanen da suka gada ana loda su a jirgi. Dokar ilimi ta 1872 ko ambaton Galik ba ta yi ba, yara da yawa sun sha bulala a aji don sun yi magana da harshen iyayensu.

Bahaushe bai kamata wannan labari ya zame masa baƙo ba. A 1863 John Glover ya tara bayin da suka gudo a Ikko ya kafa 'yan sandan da aka riƙa kira Hausawan Glover, tushen sojan Nijeriya ke nan. Turawa suka yanke cewa Hausawa jinsin mayaƙa ne, kamar yadda suka yanke wa mutanen tsaunukan Sikotlan da Gurka na Nepal. A 1874, a hanyar Kumasi, Hausawan nan da rundunar Black Watch ta Sikotlan tare suka yaƙi Asante.

Hector MacDonald an haife shi a 1853 a wata 'yar gona kusa da garin Dingwall. Yaron shagon yadi ne a Inverness kafin ya shiga rundunar Gordon a 1870 yana ɗan shekara 17, a matsayin kurtu. A zamanin da muƙamin hafsa na 'ya'yan masu ƙasa ne, shi daga ƙasa ya taso, ya yi saje, sannan jarumtar da ya nuna a yaƙin Afganistan ta sa aka ba shi hafsa. Ba shi da dukiyar da hafsa yake bukata don zaman bariki a Ingila, sai ya nufi rundunar Masar inda albashi ya fi kauri. Nan aka damƙa masa bataliya ta 11 ta Sudan. Su wane ne waɗannan sojoji? Mutanen kudu ne da na duwatsun Nuba, Dinka da Shuluk da makamantansu, da yawansu tsofaffin bayi, wasu ma sun riƙe bindiga a rundunar Mahdi kafin a kama su a sauya musu kaki. Aikinsu ba shi da wa'adi, sai tsufa ko mutuwa. Ɗan ƙaramin manomin tsaunuka ke nan yana horar da 'ya'yan waɗanda aka sayar. Har wata zumunta ta ƙullu tsakanin bangarorin biyu: bayan sun yi yaƙi tare a kan iyaka a 1885, rundunar Cameron ta ba bataliya ta 9 ta Sudan kyautar tuta.

Sai a tuna abin da ya kawo su. Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahdi a tsibirin Aba a 1881, ya tashi a kan mulkin Turkawa da Misirawa da harajinsu. Ranar 26 ga Janairu 1885 Ansaru suka shiga Khartum aka kashe Janar Gordon, wanda sunan gidansu na Sikotlan ne ko da yake a kusa da Landan aka haife shi. Wani abin lura, a watan Nuwamba 1884, lokacin da Gordon yake kewaye yana duban Nilu ko jirgin ceto zai ɓullo, gwamnatin Birtaniya ta aika jiragen yaƙi da sojan ruwa tsibirin Skye don tsorata ƙananan manoman da suka ƙi biyan haya. Mahdi ya rasu a watan Yuni 1885, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mai da Umdurman babban birni. Labarin bai tsaya a Sudan ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a daga Adamawa suna musayar wasiƙu, kuma cikin Ansaru akwai mutanenmu da hanyar Makka ta ajiye a can.

A 1896 Kitchener ya fara gangarowa kudu, yana shimfiɗa dogo a hamada. Ranar 8 ga Afrilu 1898 a Atbara, Cameron ne a gaba, ana busa algaita, suka faɗa shingen ƙayar Amir Mahmud. Sai ranar Juma'a 2 ga Satumba, a filin Karari, arewa da Umdurman. Da asuba Ansaru wajen 50,000 suka fito da tutocinsu. Harin farko a kan sansanin da ke bakin kogi bai kai ko ga shinge ba, igwa da bindigogi masu jigida da jiragen yaƙin da ke kan Nilu suka share su tun daga nesa. Kitchener ya ɗauka an gama, ya ba da umarnin a nufi birni kafin Halifa ya koma ciki. A wannan gaggawa birged ɗin MacDonald, mutum wajen 3,000, bataliyoyin Sudan uku da ta Misirawa ɗaya, ya zamo a baya shi kaɗai, da tazara tsakaninsa da saura.

Ashe Halifa bai taɓa manyan rundunoninsa ba. Daga bayan dutsen Surgham Baƙar Tuta ta fito ƙarƙashin ɗan uwansa Yaƙub, ta nufi MacDonald. Ya juya ya fuskance su. Bai gama da su ba sai ga korayen tutoci daga duwatsun Karari ta arewa, rundunar Ali wad Hilu da ta Usman Shaihuddin ɗan Halifa, sun nufo shi ta gefe. Abin da ya yi a nan shi ne ake karantarwa: ya riƙa zare bataliya ɗaya bayan ɗaya daga layin farko yana jera su a sabon layi, ana harbi, ba tare da sahu ya watse ba. Harsasan mutanensa sun kusa ƙarewa kafin agaji ya iso. Masana da yawa suna ganin da hare-haren biyu sun zo a lokaci guda, da labarin ranar ya sauya kama. Gaskiya ne yana da igwa da masu jigida, amma waɗanda suka tsaya ƙyam suka tare mutanen Halifa a sa'ar nan baƙaƙen Sudan ne.

Kafin azahar an gama. An kashe Ansaru sama da 10,000, na Kitchener ba su kai 50 ba. An bar masu rauni a fili cikin rana, an ƙarasa wasu. Aka rushe ƙubbar Mahdi aka zuba ƙasusuwansa a Nilu, abin da har matashi Winston Churchill, wanda yake wurin, ya soka a littafinsa. Bayan kwana biyu aka yi addu'ar tunawa da Gordon a kangon fadarsa a Khartum, masu algaitar salka suka busa taken makoki. Irin wannan busa an yi ta ne tun asali don kukan mutanen da suka ruga cikin wuta da takobi. Ko cikin masu busar akwai wanda ya dubi filin Karari ya tuna Culloden? Allah masani. Jaridun Sikotlan dai murna suka yi, kuma MacDonald ya koma gida gwarzo, garuruwa suna ba shi takubban girma. Kitchener ya samu sarautar Lord da fam 30,000.

Wanda ya ƙarasa aikin shi ma ɗan Sikotlan ne, amma na ɗaya gidan. Reginald Wingate, haifaffen Port Glasgow, shi ne shugaban leƙen asiri, shi ya shirya littattafan Turawan da suka tsere daga Umdurman waɗanda suka sa jama'ar Birtaniya suka amince da yaƙin. Ranar 24 ga Nuwamba 1899 rundunarsa ta cim ma Halifa a Umm Diwaikarat, aka same shi da amiransa sun shimfiɗa buzu sun zauna suna jiran ajali. Wingate ya mulki Sudan daga 1899 zuwa 1916. A ƙarƙashinsa aka ga ɗayar fuskar Sikotlan, ta makaranta. Ƙasar tana da doka tun 1696 cewa kowace gunduma ta coci ta yi makaranta, tana da jami'o'i a birane huɗu lokacin da Ingila take da biyu kacal, ta riƙa yaye likitoci da injiniyoyi fiye da yadda za ta iya ba su aiki. Rarar ce ta bazu a duniya. Mungo Park da ya mutu a Busa, da Clapperton da ya rasu a Sakkwato a 1827, da Dakta Baikie na Lakwaja, duk daga can suke. A Khartum, James Currie ya riƙe Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, Dakta Andrew Balfour na Edinbara ya shugabanci ɗakin binciken cututtuka ya sa ma'aikata suna bin kududdufai har zazzaɓin cizon sauro ya ja baya a birnin, William McLean kuma ya tsara tituna. Aiki ne na gaske, ba a musu. Amma Currie bai ɓoye manufarsa ba: masu sana'ar hannu da ƙananan akawu yake so, daidai bukatar gwamnati. Daga kwalejin nan Isma'il al-Azhari ya fito, wanda ya ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, ita ce kuma ta zama Jami'ar Khartum.

MacDonald bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Bayan ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu aka tura shi Silon, inda Turawan gonakin shayi ba su taɓa karɓar tsohon yaron shago a matsayin tsaransu ba. Aka zarge shi da lalata da yara maza, zargi mai nauyi wanda ba a taɓa kai shi gaban shari'a ba, don haka ba mai iya wanke shi ko tabbatar masa. Yana hanyar komawa fuskantar kotun soja, ya ga labarin a jarida a wani otal a Faris, ya harbe kansa ranar 25 ga Maris 1903. Da sassafe aka binne shi a Edinbara a ɓoye, amma dubban mutane suka yi ta tururuwa kabarin, daga baya suka gina masa hasumiya a Dingwall. A wannan watan dai, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗi, makonni shida bayan Kano, kuma yawancin masu riƙe da bindigar namu ne, Hausawa da Yarabawa a ƙarƙashin hafsoshin Turawa ƙalilan. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, gwamnatin Wingate ta ba su wurin zama, garin yana nan da sunansa. Sun gudu daga Nasara sun tarar da Nasara.

Yau a Sikotlan akwai masu son a riƙa ba da tarihin ƙasar a matsayin wadda Ingila ta mallaka, musamman tun ƙuri'ar raba gari ta 2014 da masu son zama a haɗe suka ci da kashi 55 cikin ɗari. Ni dai ina ganin wannan rabin magana ce. An zalunci manomin Sutherland, babu ja. Amma Gilasgo da kuɗin taba da sukari da ƙera jiragen daula ta yi ƙiba, kuma wanda harsashi ya samu a Atbara bai tambayi ko mai harbin an kori kakansa daga gona ba. Masana tarihinsu da dama sun fara faɗin haka ba kunya. Marubuciya Leila Aboulela, wadda ta tashi a Khartum take zaune a Aberdeen, ta sa ɗan Sikotlan cikin labarinta na zamanin Mahdi da ya fito a 2023, shekarar da wani sabon yaƙi ya sake mai da Khartum da Umdurman kango.

Saura labarin bataliya ta 11, wadda MacDonald ya rena. 'Ya'yan sojojin bataliyoyin Sudan da jikokinsu sun tashi a bariki, wasu sun yi makarantar soja sun zama hafsoshi, daga cikinsu aka sami Ali Abdullatif, jagoran ƙungiyar Farar Tuta da ta fara neman Turawa su fita. A watan Nuwamba 1924 aka harbe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira, Birtaniya ta ba da umarnin sojan Masar su fice daga Sudan. Ranar 27 ga watan wasu sojojin bataliya ta 11 suka ɗauki makamai suka fito titin Khartum don su haɗu da Misirawan. Aka tare su a hanya, suka ƙi ajiye bindiga, aka buɗe wuta. Suka shige ginin asibitin soja suka riƙe shi har wayewar gari, sai da aka jawo igwa aka rushe ginin a kansu. An tono gawar jagoransu, Abdulfadil Almaz, a cikin ɓaraguzai, aka kuma harbe hafsoshi uku daga baya. Cikin sojojin Birtaniya da aka sa su yi wannan aiki akwai rundunar 'yan tsaunuka mai suna Argyll da Sutherland.